Idon Aro

Baban Yara, Tudun Wada: Jama'a, raina a ɓace yake. An ba 'yata 'yar aji ɗaya hoton tabarau ta rubuta sunansa, ta rubuta "idon aro". Malamar ta sa jan biro ta rubuta mata "shirme". Yarinyar da ke kiran zif "haƙoran wando"! Yau ta dawo ko abinci ta ƙi ci. Haka ake kashe wa yara basira, mu ma haka aka kashe tamu.

Malama, Samaru: Yallaɓai, tabarau aka tambaya. Amma "shirme" ya yi tsauri, da "kuskure" ta rubuta.

Ɗan Kongo: Malama, shirme ai ba zagi ba ne. Kakata ma har gobe haka take kiran karatuna.

Hajiya, Sabon Gari: A gidanku ne ba zagi ba. Ka ce wa surukinka yana shirme mu gani.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Ku saurara, 'ya'yana. Da dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911, Bahaushe jirgin ruwa ya sani. Ya dubi abin nan mai hayaƙi ya ce "jirgin ƙasa". Wa ya sa masa jan biro? Kwamfuta fa, ba manya ne suka ce mata na'ura mai ƙwaƙwalwa ba? Mu da muna yara har zaurance muke yi, "zodo mudu tadafidi", a gaban iyayenmu mu sulale yawon tashe.

Bakano a Zariya: Baba, da girmanka, amma mutanen da ke cewa "mace ne" su za su yi mana hukuncin shirme? Ku fara gyara naku.

Hajiya, Sabon Gari: Ji min mutum! A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da jaridarmu kuka koyi rubutun.

Bakano a Zariya: Kun buga, amma da Kananci.

Ɗan Kongo: To me ya zaunar da kai a garin 'yan shirme?

Bakano a Zariya: Aure. Ƙaddara ce.

Baban Yara, Tudun Wada: Don Allah maganar 'yata fa? In je makarantar ko in ƙyale?

Malama, Samaru: Kar ka je da faɗa. Yara saba'in gare ni a aji, wa ke da lokacin idon aro?

Shugaban Zaure, Ƙofar Doka: To, an rufe. Abin da aka cimma: malamar ba ta kyauta ba, Baba ya yi gaskiya, kuma kowa ya amince Hausar Zazzau ce uwa. Bakano kuwa bai kawo hujja ko ɗaya ba.

Bakano a Zariya: Wane ne kowa?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe: Ku yi haƙuri, ban ga abin da aka rubuta a ƙarshe ba. Jikana ya ɓoye min idon arona.