Muhawara: Shin mai digiri ya fi ba da cin hanci?

Malam Sani, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka a 2019 ya nuna masu ilimi mai zurfi sun fi waɗanda ba su yi boko ba ba da cin hanci. Ni abin ya dame ni. Ashe jami'a ba ta gyara hali, wayon cuta kawai take ƙara wa yaro.

Anti Rakiya, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda da fassararka ba. Wa ke neman fasfo, lasisin tuƙi, takardar fili, gurbin aiki? Mai digiri. Manomin garin Giwa sau nawa yake shiga ofis a shekara?

Malam Sani: Hajiya, ai cikin waɗanda suka yi hulɗa da jami'in gwamnati aka ƙirga, ba cikin kowa da kowa ba. Kusan mutum 30 cikin 100 suka biya a wancan binciken.

Anti Rakiya: Hulɗa ɗaya da hulɗa goma ba ɗaya ba ne. Kuma mai albashi ake tarewa a hanya, don an san aljihunsa da nauyi.

Usman, Rigasa: Iyayena, bari in faɗi nawa. Wata huɗu ina zarya kan takardar sakamakona. Kullum sai a ce fayil bai sauko ba, alhali ina hango shi a kan tebur, an ɗora masa kofin shayi. Ranar da na ba da na goro, kafin la'asar ta fito. Har yau abin yana ci mini rai, amma da na ƙi, da bautar ƙasa ta wuce ni a shekarar.

Alhaji Bala, Kawo: Tushen abin shaye-shaye ne. Yaron da ya koyi giya a makaranta kunyarsa ta tafi, karɓar haram ba za ta yi masa wuya ba.

Yakubu, Barnawa: Ranka ya daɗe, a nan kam mun rabu. Ba na kare giya, na ga gidajen da ta rusa a unguwarmu. Amma mutumin da ya riƙe mini fayil na fansho har shekara biyu, ko sigari ba ya sha. A kawo binciken da ya haɗa biyun tukuna.

Anti Rakiya: Kuma in shaye-shaye za a yi magana, wani bincike na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi, ban da giya da taba. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin. Kwalabensa na sha sharewa a bayan katangar gidana.

Malam Sani: Na karɓi gyaran Yakubu. Amma Usman, kai da ka san akwai hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tun 2000, me ya hana ka kai ƙara?

Usman: Tsoro, Malam. Takardar tana hannunsu a lokacin.

Malam Sani: To yanzu tana hannunka. Ƙanwarka kuma bana za ta je karɓar tata a wurin.