Don Allah ku ba ni shawara: Senko ko tanar roba mai araha?

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗau zafi. Shekarata 6 a kusa da Dallas, aikin dare nake yi a wani babban ɗakin ajiyar kaya. Bara likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin da zai riƙa kwantar min da hankali. Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare, shi ya ja ni fatsa wata Asabar. Ni da ko a gida ban taɓa riƙe ƙugiya ba, iyakata in sayi soyayyen kifi a bakin titi. Ranar na kama kifin bas (wani kifin ruwan daɗi da ake yawan fatsarsa a Amurka) guda 2, shi ke nan abu ya shiga jinina. Na sayi sanda, na sayi lasisi, na sayi akwatin kaya, har da hular rana.

Koton da ya koya min shi ne tanar roba ta Yamamoto, wadda ake kira Senko, mai inci 5. Guda 10 ne a leda, ina biyan wajen dala 8. Tana kamu, ban ƙi ba, amma taushinta ya sa kifi 1 ko 2 ta yage. Wata rana na ƙarar da leda 2 kafin azahar. Uwargida ta tsinci rasidai a mota, ta zauna ta lissafa, ta ce da kuɗin robar da nake zubarwa a ruwa da an biya wa ƙanwarta kuɗin makaranta a gida. Kwana 2 ba ta yi min magana ba. Mahaifiyarta ma ta ji labari, wannan kuma wani zance ne daban.

Sai na shiga intanet na sayo wata buhu guda, guda 100, marar suna, kuɗinta bai kai na leda 2 na Senko ba. A ido ba ka bambance su. Fita 3 na yi da ita, ko taɓawa kifi bai yi ba. Dattijon nan yana gefena yana ta ɗagowa.

Yanzu saura sati 2 a yi wata 'yar gasa ta ma'aikatan wurinmu, kuma shugaban sashenmu ne ya ce in shiga jirginsa. Ba na son in ji kunya a gabansa. In koma mai tsada in ɓata da gida, ko akwai mai araha da ke kamu da gaske?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ni da na ga "bas" na ɗauka mota za ka saya. Allah ya ba da sa'a.

Injiniya Atlanta: Baban Walid, saurara da kyau, shekarata 14 ina wannan harka. Araha ba ta ado. Abin da ka saya roba ce mai siffar tana, ba koto ba ne. Sirrin Senko gishiri ne. An cika ta da shi, shi ya sa take da nauyi, shi ya sa za ka iya wurga ta nesa ba tare da ka ɗaura mata dalma ba. In ta faɗa ruwa tana nutsewa a kwance, kai da wutsiya suna karkarwa a hankali. Wannan karkarwar ce kifi yake gani ya kasa haƙuri. Gishirin da taushin da suke sa ta rawa su ne kuma suke sa ta yagewa, ba za ka sami ɗaya ka bar ɗaya ba. Gary Yamamoto da ya ƙirƙiro ta, siffar biron Bic ya kwaikwaya, kuma tun daga lokacin kowane kamfani ke ƙoƙarin bin sawunsa. Siffa suna samu, nutsewar ce ta gagare su. Ka sayi koriyar nan mai ɗigon baƙi, lamba 297, ka rufe bakin kowa. Magana ta ƙare.

Malam Columbus: Injiniya, magana ba ta ƙare ba. Ni Yum Dinger nake amfani da ita shekara 3, kuɗinta wajen rabin na Senko, kuma tana jure kifi 4 ko 5. Gaskiya ne ba ta kai ta saurin nutsewa ba, amma a ruwa marar zurfi mai ciyawa wannan jinkirin alheri ne, ta fi daɗewa a gaban kifi. Tana da ɗan tsagi a baya da bakin ƙugiya ke kwanciya a ciki. Akwai kuma Stik-O ta Bass Pro Shops. Tsakanin mai dala 8 da buhun da ba a san uban da ya haife shi ba akwai hanya ta tsakiya.

Injiniya Atlanta: Malam, a kududdufan Ohio kowace roba ma kamu take yi. Mutumin nan Texas yake, inda kifi ya ga koto iri-iri har ya yi digiri.

Malam Columbus: Ka taɓa zuwa Ohio ka yi fatsa?

Kawu Ɗan Yauri: Ikon Allah. Yanzu kifi ma roba yake ci a Amurka? Ɗana, ni a bakin Kwara na tashi, kakana Basarke ne. Da sassafe za mu tona ƙasa mai laima mu cika gwangwani da tana, ko sisi ba mu biya. Da ita muke kama tarwaɗa da kurungu, in giwan ruwa kake so sai ka soka ƙaramin kifi mai rai. Ka tona bayan gidanka mana. Ni abin da ke damuna ma, yaran yanzu ba su san ɗinkin taru ba. Na bar wa ɗan ƙanena jirgina da komata da zan taho, ya sayar ya sayi babur. Har yau in na tuna sai barci ya gagare ni.

Baban Walid: Kawu Allah ya huci zuciyarka. A gasar an hana koto mai rai, sai na roba. Kuma gidan haya nake, bene na 2.

Hajiya Maman Iman: Ni tambayata ɗaya ce, kuma ba don in shiga tsakaninka da iyalinka ba. Kifin da kake kamawa kana kai mata?

Baban Walid: A'a Hajiya, sakewa muke yi. Hoto kawai ake ɗauka.

Hajiya Maman Iman: To ka ji. Irin na maigidana ke nan sak. Ya fita tun asuba, ya dawo la'asar yana ƙarnin kifi, rana ta ƙona shi, hannu rabbana. In ce ina kifin, ya miƙo min waya. Hoto zan sa a miya? Rannan sai da na je kanti na sayo ƙarfasa da kuɗina alhali mijina ya wuni a bakin ruwa. Ba kuɗin robar ne ya ɓata wa matarka rai ba, Baban Walid. Ka kawo mata ko guda 2 ka gani.

Injiniya Atlanta: Hajiya da girmanki, ba haka abin yake ba. In kowa ya kwashe, me za a kama baɗi? Dokar Texas ta bai-ɗaya a kan kifin bas guda 5 ce a rana, kuma sai ya kai inci 14, wasu tafkunan ma da tasu dokar. A tafkin Fork duk wanda ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole ka mayar da shi. Wurin ne ya fitar da kifin bas da ya fi kowanne a tarihin jihar, laba 18.18, sama da kilo 8, a 1992.

Hajiya Maman Iman: To ai kai da bakinka ka ce an yarda da 5.

Ɗaliba a Houston: Yaya Baban Walid, har yanzu ba ka faɗa mana yadda kake ɗaura ta ba. A tsakiya kake sokewa ko ta kai? Da dalma ko babu? Ruwan garau yake ko gurɓatacce? Wane launi ka sayo? In a tsakiya kake sokewa, akwai ɗan zoben roba da ake zura wa tanar, sai ka rataya ƙugiya a jikin zoben maimakon ka huda ta. Da shi Senko ɗaya takan kai ni kifi 4. Kuɗin zoben ba komai ba ne. Waɗanda suka yage kuma kada ka jefa a ruwa, kifi na haɗiye su su tsaya masa a ciki. Ka tara su, akwai gam na musamman da ake liƙe su da shi.

Baban Walid: Ƙanwata, ta kai nake sokewa, in ɓoye bakin ƙugiya a jikinta. Ina sa 'yar dalma mai kan harsashi a gaba don ta yi nisa. Ina wurgawa in naɗo. Launin kuma gauraye ne, akwai ruwan hoda da fari da wani mai ƙyalli, haka buhun ya zo.

Ɗaliba a Houston: Kana naɗowa ba tsayawa?

Baban Walid: E mana, don in rufe wuri da yawa. Awa 3 kawai nake da su bayan na tashi daga aiki.

Ɗaliba a Houston: To Yaya ai nan gizo ke saƙar. Duk rawar da Injiniya yake ta yabo, sai tanar tana nutsewa da kanta, igiya a sake, take yin ta. Da ka sa dalma a gaba, kai take sawa ƙasa ta faɗi kamar ƙusa. Ka kuma naɗo da sauri, ko Senko ce a hannunka ka biya kuɗin rawar da ba ka bar ta ta yi ba. Ka cire dalmar, ka wurga kusa da ciyawa ko kututture, ka ƙirga zuwa 10 kana kallon igiya. In ta motsa gefe, kifi ne. Kuma ka cika bahon wanka, ka saki Senko ɗaya da ta buhun ɗaya tare, idonka zai gaya maka bambancin.

Baban Walid: Na gode, amma ba na jin dalmar ce. Da ita na kama 2 ɗin farko. Kuma in na cire, iska ba ta barin in kai inda nake so. Ku da ba ku san iskar wurin nan ba.

Injiniya Atlanta: Yarinyar ta yi gaskiya rabi. In dole sai ka sa dalma, to kowace roba ka ga dama sa, har ta Malam Columbus. Amma ta buhun nan ko ka cire dalmar ba za ta nutse ba, na rantse yawo za ta yi a saman ruwa kamar silifas. Na taɓa sayen irinta, warin fetur take yi. Na rubuta wa mai sayarwar ya mayar min da kuɗina, wata 2 yana ja min rai, ƙarshe ya rufe shagon ya buɗe da wani suna. Zubar da ita.

Baban Walid: Injiniya tawa ba ta wari. Kuma masu sharhi da yawa sun yaba ta, na karanta kafin in saya, ba da ka na yi ba. Saura guda 90 da wani abu, in zubar in ce wa uwargida me?

Malam Columbus: Kada ka zubar. In ba ta nutsewa, soka mata ƙaramar ƙusa a kai ɗaya, ka rataya ƙugiya a tsakiya, za ta tsaya da kai a ƙasa tana kaɗa wutsiya. Ka riƙe ta don koyo, ka sayi leda 1 mai kyau don ranar gasa.

Injiniya Atlanta: Leda 1? A jirgin shugabansa? 4 zai saya, 2 koriya 2 baƙa mai ɗigon shuɗi saboda ko ruwa ya gurɓace.

Ɗan Zazzau: Ni dai ƙanin matata robar kamfanin Z-Man yake saya, ya ce guda ɗaya sai ta yi masa wuni, tana miƙewa kamar cingam. Sai dai ba a haɗa ta wuri ɗaya da sauran robobi, narkewa suke yi su manne. Su kansu kamfanin sun ce a bar ta a ledarta.

Injiniya Atlanta: Wannan wata dabba ce daban, kada ku ƙara rikita shi.

Kawu Ɗan Yauri: A Argungu mutum dubu nawa ke faɗawa Matan Fada da koma da gora kawai, su fito da giwan ruwa da sai mutum 2 sun ɗaga. Ku kuna nan kuna faɗa a kan launin roba.

Baban Walid: Na karanta duka, Allah ya saka. Na gwada bahon da ƙanwata ta ce. Ta buhun tana nutsewa, ba kamar yadda Injiniya ya ce ba, sai dai a hankali kuma a sandare. Senko ba ni da ko ɗaya a gida da zan kwatanta. Ni har yanzu ina zargin wurin da nake tsayawa ne, dattijon nan kullum shi yake riga ni kama gefen da ke da inuwa. Gobe zan sake fita da ta buhun, da dalmar, amma zan canja wuri.

Ɗaliba a Houston: Yaya, ko sau 10 kawai ka wurga ba dalma.

Baban Walid: Zan gani in iska ta kwanta. Wani ya san ko zoben robar nan yana shiga ƙugiya mai lamba 4/0, ko sai na sake sayen wasu ƙugiyoyin? Don in sai na sake sayen wani abu a satin nan, gara in nemi wurin kwana.

Hajiya Maman Iman: Ka kai mata kifi.

Injiniya Atlanta: 297. Na faɗa maka tun farko.