Thorfinn na Vinland Saga: tubarsa ta isa, ko dai an yi masa sauƙi?

Na-Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda bai gama zango na biyu na Vinland Saga, anime (fim ɗin zane na Japan) ɗin nan na zamanin mayaƙan Viking, ba ya dakata a nan, don zan taɓo abubuwan da suka faru har ƙarshe.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Thorfinn, jarumin labarin, kuma ba maganar da aka saba yi ba ce ta cewa zango na biyu babu faɗa. Ni zango na biyun ma ya fi kwanta mini. Damuwata haƙƙin mutane ce.

Ku tuna yadda aka faro. Yaro ɗan shekara 6 ya ɓuya a jirgin ruwan mahaifinsa Thors daga Aislan, a gabansa mutanen Askeladd, shugaban wasu mayaƙan haya, suka yi wa uban ruwan kibau a tsibiran Faro. Daga nan sai ya bi wanda ya kashe masa uba, shekara 11 yana yi masa aiki, ladansa kawai a ba shi damar fito-na-fito da shi. To a cikin shekarun nan me ya yi? Wurin da ba ya fita a raina shi ne kashi na 6 na zangon farko. Wata mata Baturiyar Ingila ta tsince shi a bakin rafi da rauni, ta kai shi gida, ta yi jinyarsa, ta zaunar da shi tana taje masa kai tana cire masa kwarkwata, har ta ɓoye shi daga sojoji. Shi kuma ya je ya kunna wuta a bakin teku don jiragen Askeladd su san inda za su sauka. Gaskiya ne ya ce mata ta gudu. Amma garin ya tafi, kuma ta tsaya tana kallonsa yana yanka mutane.

Sai ga shi a zango na biyu, wanda ya fito a 2023, bawa ne a gonar Ketil a Denmak, ba ya magana, ba ya dariya, ko da Fox, ɗaya daga cikin masu gadin gonar, ya yanke masa gefen kunne bai motsa ba. Ya yi mafarkin gawarwakin da ya kashe suna jan ƙafarsa, ya yi kuka, ya yi rantsuwa ba zai ƙara cutar da kowa ba. A ƙarshe ya tsaya gaban jama'a fuska a kumbure ya ce shi ba shi da maƙiyi ko ɗaya. Na ji wurin har cikin raina, ba na musu. Amma mu da muka tashi da sanin cewa tuba tsakaninka da Ubangijinka daban, haƙƙin bawa kuma sai ka nemi mai shi, dole in tambaya: shi ne zai ce ba shi da maƙiyi? Iyalan waɗanda ya kashe fa, an tambaye su? Ina ganin marubucin ya bar shi ya yafe wa kansa da kansa. Me kuke gani?

Abba_Kurna:

Wa alaikumus salam. Yaya Na-Fagge, ni tun kafin a kai ga wannan ma na sauka daga layin. Zangon farko na 2019 da Wit Studio suka yi, ka tuna faɗansa da Thorkell a gadar Landan? Ka tuna yadda Askeladd ya sare kan Sarki Sweyn a gaban fadawa? Wannan ne ya jawo ni. Sai kamfanin MAPPA suka karɓi zango na biyu, na zauna ina jira, kashi bayan kashi ana saran itace ana neman aron doki. Na gama shi dai don na fara. A ganina Askeladd ne ke riƙe da labarin, da ya mutu sai aka bar mu da wanda ba shi da abin cewa.

Ɗan Manomi:

Abba, ƙanena, saran itacen nan da ya gundure ka shi ne gaba ɗaya maganar. Kuma ba laifin MAPPA ba ne, haka marubucin, Makoto Yukimura, ya zana shi a littafin tun asali, daraktan ma bai canza ba.

Ni a gona na tashi. Wanda bai taɓa tone kututture ba ba zai gane abin da aka nuna a wurin ba. Sare bishiya shi ne mai sauƙi. Kututturen ne ke cin mutum: ka haƙa kewaye da shi, ka bi saiwoyi ɗaya bayan ɗaya da gatari, ka tura ka ga ko gezau, rana ta faɗi kana kan guda ɗaya. Shi ya sa da tsoho Sverkel ya ba Thorfinn da abokin bautarsa Einar aron doki a kan su yi masa aikace-aikacen gida, na san girman abin da ya yi musu. Ketil ya ce su share daji, su shuka alkama, ya saya, su fanshi kansu da kuɗin. Kusan shekara 3 suka ɗauka. Thorfinn bai san komai a noma ba, Einar ne ke koya masa, shi da ya san hanyoyin kashe mutum iri-iri bai san yadda tsiro ke fitowa ba.

To sai barorin Ketil suka zo da dare suka tuttuge alkamar don baƙin cikin bayi za su samu 'yanci. A nan ne Thorfinn ya tsaya a gefen da bai taɓa tsayawa ba. Shekara da shekaru shi ne mai zuwa ya ƙone abin da wasu suka wahala a kai. Ran nan aka yi masa. In da an gaggauta labarin, an nuna gonar a kashi ɗaya an wuce, da ba za mu ji ciwon ba, shi ma ba zai ji ba.

Malam Na-Fagge, game da tambayarka, kada ka manta da Einar. Mayaƙan Viking ne suka kashe masa uwa da ƙanwa suka sayar da shi. Da ya ji Thorfinn tsohon mayaƙi ne, cikin dare ya kai hannu wuyansa zai shaƙe shi. Ya fasa. Ba Thorfinn ne ya kashe nasa ba, amma irinsa ne, kuma wannan mutumin ne daga baya ya kira shi ɗan uwa. Ba za ka ce babu wanda aka tambaya ba.

Ummu_Zinder:

Ni wata damuwar ce da ni, kuma ba na jin maza suna yawan kawo ta. Arnheid.

Kowa na yabon naushi 100 da Thorfinn ya jure daga hannun Drott don a bar shi ya ga Sarki Canute da ya zo ƙwace gonar Ketil. Na yarda wuri ne babba. Amma kafin nan fa? Baiwar Allah da ke bauta a gonar Ketil, aka raba ta da mijinta Gardar, ɗanta ya mutu, tana ɗauke da cikin Ketil, Ketil ɗin kuma ya dawo ya sa sanda ya yi ta dukanta har ya zama ajalinta. Thorfinn ya yi ƙoƙari, ya tari Snake, shugaban masu gadin gonar, da takobinsa hannu banza don ita da Gardar su tsere, amma bai tsirar da ko ɗayansu ba. Kwanciya ta ƙarshe take tambayarsu, in an kai ta wata ƙasa, can babu yaƙi? Babu bayi? Ba su da amsa ta gaskiya da za su ba ta.

Abin da ya sa ban ga an yi masa sauƙi ba ke nan, ɗan uwa. Labarin bai ce da ka ajiye wuƙa komai zai gyaru ba. Ya ajiye, kuma mace ta mutu a hannunsa. Ƙudurin zuwa Vinland, ƙasa mai nisa da suke burin kafa gari babu yaƙi babu bauta, ma a kan kabarinta shi da Einar suka ƙulla shi. Sai dai ina jin haushin cewa sai da aka kashe mace kafin maza biyu su san inda suka dosa. Ta cancanci ta hau jirgin Leif, matuƙin da ya zo ɗaukar Thorfinn, da ranta.

Mai_Karatun_Manga:

Na-Fagge, tambayarka marubucin ya riga ka yin ta. Zan ɗan taɓa abin da anime bai kai ba, wanda ba ya so ya tsallake.

Bayan komawa Aislan, a hanyarsu sun haɗu da wata maharbiya a Nowe mai suna Hild. Thorfinn ne ya kashe mahaifinta tana yarinya, a idonta, lokacin yana tare da Askeladd. Ta gane shi. Ba ta karɓi kukansa ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta bar shi da rai bisa sharaɗi, ta bi shi da bakanta a ɗane, duk ranar da ya koma kisa ita za ta harbe shi. Shi kuma ya amince cewa ransa a hannunta yake. Shekaru suka yi a haka. Littafin ya fara fita tun 2005, an kammala shi a 2025, ka neme shi ka ci gaba daga inda zango na biyu ya tsaya.

Na-Fagge:

Na gode muku duka. Maganar Hild ta sa zan nemi littafin cikin makon nan in Allah ya yarda. Ɗan Manomi, bayaninka a kan alkamar ya shige ni, amma a kan Einar ban bi ka ba. Yafiyar wanda ba kai ka zalunta ba ba ta sauke maka nauyin wanda ka zalunta. Kuma ko da Hild, mutum ɗaya ce cikin ɗaruruwa. Matar nan mai taje masa kai ba a sake waiwayar ta ba sai a mafarkinsa.

Hajiya Ummu, akwai abin da nake so ki ba ni ra'ayinki a kai. Da Canute ya tambaye shi me zai yi in ya ƙi janyewa daga gonar, Thorfinn cewa ya yi zai gudu, ya je inda hannun sarki bai kai ba. Canute ya tuntsire da dariya, ya janye sojojinsa. To da bai janye ba fa? Mutanen gonar da ba su da jirgin gudu, ya za su yi?