Neman shawara: fentin Contrast yana yi min tabo a garkuwar sojojin Rumawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwalin ƙananan sojojin Rumawa na roba, masu tsayin milimita 28, kayan Warlord Games, irin waɗanda ake wasan Hail Caesar da su. Na feshe su da farin fentin gwangwani, na bi da Contrast, fenti mai ruwa-ruwa na kamfanin Games Workshop. Ja ya yi dabbare-dabbare a garkuwa, sulke ya fito toka-toka kamar siminti, a jikin wasu kuma fentin yana tattaruwa ɗigo-ɗigo ya ƙi kamawa. Da rana nake aikin a baranda saboda rashin wuta. Ina gyara yake?

Daga Barnawa: Wa alaikumus salam. Ɗigo-ɗigon nan daga shimfiɗar farko yake. Mafi yawan farin fentin gwangwani da ake sayarwa a kasuwa mai sheƙi ne, Contrast kuwa ruwa-ruwa ne, ba ya zama a kan santsi. Gwangwanin Wraithbone ko Grey Seer da aka yi dominsa yana da wuyar shigowa, don jirgi ba ya ɗaukar gwangwanin feshi yadda yake ɗaukar sauran kaya. Ka nemi firaima, wato fentin shimfiɗar farko, ta masu fentin mota, fara ko toka mai haske, marar sheƙi, ka fara gwadawa a kan ragowar robar da ka yanke sojojin daga jikinta. Kafin feshi ka wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, su bushe sarai, don maiƙon hannu ma yana korar fenti. Ka girgiza gwangwani minti 2, ka tsaya tazarar santimita 20 zuwa 30, feshi gajere-gajere, da safe a inuwa. In ka yi cikin rana, fentin zai bushe a iska kafin ya sauka, jikin ya yi ƙaiƙayi.

Daga Tudun Wada: Ɗan'uwa, batun garkuwa ba laifin hannunka ba ne kaɗai. Irin wannan fenti, tun da Games Workshop suka fito da shi a 2019, aikinsa shi ne ya gangara cikin kwarmi ya yi duhu, ya bar tudu da haske. Ninkin riga, yatsu, igiyar takalmi, fuska, nan yake burgewa. Garkuwar Rumawa kuwa fili ce mai faɗi da ɗan lanƙwasa, ba kwarmin da zai ruga, sai ya taru inda buroshi ya tsaya ya bushe a nan. Ga kuma iskar hunturu: bakin fentin yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, kana komawa ka gyara sai ka yage fatar da ta fara yi, shi ne zoben tabon da kake gani.

Ga yadda za ka yi. Kada ka manna garkuwa a jikin soja tukuna, ka jera su a kan katako da tef mai gam gaba da baya. Ka haɗa jan Contrast, Blood Angels Red, da Contrast Medium, ruwan sirka shi marar launi, ɗaya da ɗaya. Ba ruwa ba, ruwa mai yawa yana raba launin da sinadarin da ke riƙe shi. Ka ɗauki buroshi lamba 3 mai ciki, ka cika shi, ka ja daga sama zuwa ƙasa ba ɗagawa, ka gama garkuwa ɗaya kafin ka taɓa wata. Abin da ya taru a gindi ka tsotse shi da busasshen buroshi nan take. Daga nan hannunka ya fita, ko ka ga aibi, sai bayan rabin awa, sannan shafi na biyu.

Amma in gaskiya kake so, a garkuwa fenti na yau da kullum ya fi. Mephiston Red shafi biyu sirara, an gama, ba tabo. In kuma sitika za ka manna, irin ta Little Big Men Studios, kada ka sa ja ko kaɗan: a kan farar garkuwa ake manna ta, ita ke kawo launinta da zanen fukafukai da tsawa irin wanda ke jikin Ginshiƙin Trajan na birnin Rum. Baki da cibiyar garkuwa kawai za ka yi wa tagulla ko ƙarfe.

Sannan ka bar baranda. Kusa da taga, ƙofa a rufe, kana gamawa ka kife robar abinci a kansu, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti, ba ta fita.

Daga Kawo: Sulke ba zai yi kama da ƙarfe ba muddin fari ne a ƙasansa, don Basilicanum Grey, Contrast mai launin toka, ba shi da ƙyalli. Sulken nan, lorica segmentata, falle-fallen baƙin ƙarfe ne da maɗaurai na farar tagulla. Ka shafa fentin ƙarfe Leadbelcher a sulke, kwalkwali, takobi da dogon wuyan mashi, ya bushe, ka bi da Basilicanum Grey kashi 1 a Medium kashi 2, ko Nuln Oil, baƙin ruwan fenti mai duhunta kwarmi, kai tsaye. Zai shige tsakanin falle-fallen ya raba su. Bayan nan ka goge buroshi a tisu har ya kusa bushewa, ka ɗan share gefuna da azurfa mai haske. Maɗaurai da adon ɗamara Retributor Armour mai ruwan zinariya, ɗigo kaɗan na ruwan duhuntawa Reikland Fleshshade a kai.

Daga Malali: Ni dai ban yarda a fara da ƙarfe ba, Malam na Kawo. Fentin ƙarfe yana rufe komai, Contrast ba ya rufe komai, to mai rufewa shi ne na ƙarshe. Fata da Guilliman Flesh, riga, sannan takalmi da ɗamara da Snakebite Leather, sandar mashi da bayan garkuwa da Wyldwood ko Gore-grunta Fur, ƙarfe ya zo ya share duk inda aka zarce. In ja ya taɓa hannu ko ƙafa, sai ka mayar da wurin fari kafin ka sa launin fata, in ba haka ba jan zai leƙo. Ka riƙa yin goma-goma, launi ɗaya a kan duka, kafin ka kai na goma na farko ya sha iska.

Riga kuma ba dole ja ba. Masana tarihi ba su daidaita ba tsakanin ja da farin ulu. Skeleton Horde da aka sirka da Medium yana ba da ulun da ba a rina ba, kuma yana sa jar garkuwa ta fito. Garkuwar da aka tono a Dura-Europos ta Siriya, ta ƙarni na 3, ja ce, da gaggafa a sama da zaki a ƙasa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka riga suka ɓaci fa? Kuma akwai wanda zai sayar min da Speedpaint, fenti irin Contrast, na hannu, in karɓa?

Daga Kawo: Ka duba kwalbar. Speedpaint na farko da Army Painter suka fitar a 2022 yana narkewa in ka shafa wani fenti mai ruwa a kansa, ja ya haura cikin fari. Na 2023, wanda aka rubuta 2.0, an gyara wannan. In tsohon ne, sai ka yi masa banish, shafin kariya marar launi, kafin ka ɗora komai. Ko wanne ne, ka jefa ƙwallon ƙarfe marar tsatsa a ciki ka girgiza sosai, don launin yana kwantawa a gindi.

Daga Barnawa: Waɗanda suka ɓaci ka jiƙa su a sifirit na kemis awa 1 zuwa 2, ka dirje da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye. Kada tina ko fetur ko ruwan cire janfarce su taɓa su, za su narkar da robar. In firaimar ta ƙi fita duka, ba komai, muddin ba ta cike zanen sulke ba.

Daga Tudun Wada: Kada ka kai su teburin wasa ba banish, Contrast yana gogewa a gwiwar hannu da gefen garkuwa. Marar sheƙi za ka sa, bayan kwana ɗaya da gama fenti. Yanzu da iska ke bushe na feshi ba matsala. In damina ta sauka, Yuli da Agusta, laima tana sa shi ya yi fari-fari a jikin soja, lokacin sai na shafawa da buroshi, sirara, a bar sulke har ƙarshe a ba shi mai ɗan sheƙi.