Fentin da ake sa wa ƙarfe da wutar lantarki, zai yiwu a shago?

Mai walda, Agege: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Get da tagogin ƙarfe nake yi, duk aikin da na kai Lekki ko Ajah, unguwannin bakin teku a Legas, kafin damina biyu tsatsa ta ɓullo ta lungun walda, iskar teku ba ta raga wa ƙarfe, kwastoma kuma ni zai kira. An ce min akwai fentin da ake tsoma ƙarfe a tanki a ba shi wuta, wai har garin tangaran ake haɗawa da roba. Zan iya haɗa abin a shago?

Injiniya: Wa alaikumus salam maigida. Shi masu ƙera mota ke kira e-coat, Ford ne suka fara a Amurka shekarun 1960. Ƙwayoyin fentin suna yawo a ruwa ɗauke da caji, a sa wutar DC, ƙarfenka ya zama negatif sai su garzayo su manne. Daɗinsa duk inda ya rufu wuta ta rage ja sai ta koma inda bai rufu ba, shi ya sa yake shiga lungun da feshi ba ya kaiwa. Amma fa kana maganar wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa sama cikin ruwa, ga tace ruwan kullum, ga gashi a oban wajen digiri 180. Da wace wutar, janaretonka?

Ɗalibar kimiyya: Yaya, na roba da tangaran ɗin mun gwada a lab. Chitosan, wato robar, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, ake haɗawa da hydroxyapatite, wato garin tangaran ɗin, a ɗora kan ƙarfen titaniyam na dashen ƙashi, robar ce ke riƙe garin ba sai an gasa shi sama da digiri 1000 ba. Wutar ta yi yawa ruwa ya fara kumfar haidirojin, sai ka ga abin duk huji, dole muka ƙara etanol. Ɗan ƙarfe kamar yatsa fa muke yi, ba get ba.

Baba mai fenti: Yaro bar wahalar da kanka. Kankare tsatsar da ƙarfen ya zo da ita daga kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin tas, wanke maiƙo, goge kashin walda, sa firaima, wato fentin farko, mai zinc kafin fentin efoksi. Aikin bakin ruwa kuma kai a yi galbanayzin, wato a lulluɓe ƙarfen da zinc, ka saka a kuɗin kwastoma.

Mai walda: Na gode Baba, wallahi maiƙon ne ba na wankewa. Bari na gwada a get ɗin Ajah.