Neman shawara: in mayar da salular aikin tamowa ko in ci gaba da riƙe ta?

'Yar Sa-kai:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni ma'aikaciyar sa-kai ce a wani ƙauye na ƙasar Mirya. Mutanen gari ne suka zaɓe ni a ƙofar maigari shekara huɗu da suka wuce, saboda na yi lakwal har aji shida, kuma marigayiya kakata ce ungozomar garin, tun ina ƙarama ni ce mai riƙe mata fitila idan haihuwa ta zo cikin dare. Bara wata ƙungiya ta ba mu salula, aka koya mana aika sunan yaro da watanninsa da awon damtsensa, domin majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin yankinmu, ya gani daga likita ya faɗa mana abin yi. Makon jiya na auna wata yarinya 'yar wata 14, igiyar awo ta tsaya a kan ja, milimita 109. Na hau tudun bayan gari inda rezo ke kamawa, na aika saƙo, kwana uku ba amsa. Rana ta huɗu jiki ya tsananta, aka ɗora ta a amalanke, yanzu tana kwance a Damagaram. Kakarta tana bi gida-gida tana cewa ni da salulata muka ɓata wa jikarta lokaci, maigidana kuma ya ce in mayar musu da abinsu. Don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon Majo:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yarinyar lafiya, amma zan faɗa miki gaskiya ko da ɗaci. Duk yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 59, idan damtsensa ya gaza milimita 115, tamowa ce mai tsanani, kuma wannan hukunci ba ya jiran amsar kowa, ranar da aka auna ranar ake tura shi likita. Amfanin saƙon shi ne majo ya san mara lafiya na tafe, ya duba ko akwai Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗan da ake ba yara masu tamowa, a ajiye, sannan ya neme ki idan uwar ta daina zuwa karɓa. Kin danna bayan ƙafafunta da babban yatsa na daƙiƙa uku kin ga ko wurin ya lotsa? Tana cin abinci? Akwai zawo ko zazzaɓi? Ba ki faɗi ko ɗaya ba, alhali su ne ke raba yaron da za a sallama da abinci ya riƙa zuwa mako-mako da wanda sai an kwantar. A shekarar 2005, lokacin da yunwa ta cika asibitoci da yara, da takarda da alƙalami muka yi aikin.

'Yar Sa-kai:
Baba, na gode, amma a wurin horo an ce mu fara aika saƙo, kuma uban yarinyar yana ci-rani, ba mai ba uwar izinin fita sai kakar, ita kuwa ta ce haƙora ne ke fitowa. Kuɗin kabu-kabu zuwa likita jaka biyu ne, ni kuma ba albashi nake ɗauka ba.

Ma'aikaciya daga Magarya:
'Yar'uwa, kada ki mayar. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharji da kiredi. Wata biyar ke nan da aka daina sa mana kiredi, duk ranar kasuwa sai in ba mai sharji dala ashirin daga kuɗin ƙuli-ƙulina, ga shi a wurinmu rezon Najeriya ya kan rinjayi namu, saƙo ya maƙale har kwana biyu. Da aka zo duba aiki, tambayar da aka yi mini ita ce me ya sa rahotona ya yi latti.

Wani Magidanci daga Zango:
Ni ina bayan maigidanki. Aikin da babu albashi, ga zargi, ga kira cikin dare, bai kai ya taɓa zaman aure ba. Matata ta yi irinsa shekara biyu, abin da ta samu riga ce da hula.

Tsohon Majo:
Malam, wannan shawara ba ta da kan gado. Damina na ƙaratowa, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da zawo za su haɗu da yunwa, wato lokacin da aka fi buƙatarta ke nan. 'Yata, abin da za ki yi shi ne ki koya wa iyaye mata awon da kansu. A nan ƙasar Mirya ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada haka, aka ga uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya bambanta ja da rawaya da kore. Idan uwa ta ga jan da idonta, ba ke ce za ki yi musu da kaka ba. Sannan ki karɓi lambar majo ki riƙa kiransa baki da baki idan ja ce.

'Yar Sa-kai:
Baba, igiyar awo ɗaya gare ni, ita ma lambobin sun fara gogewa. Lambar majo kuwa ina da ita, ban kira ba ne saboda an ja mana kunne cewa duk abin da bai bi ta saƙo ba ba ya shiga lissafi. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa mini abin da zan ce wa kakar yarinyar idan mun haɗu a rijiya.

Ma'aikaciya daga Magarya:
Ku a Mirya har yanzu ana sa muku kiredi, ko ku ma an yanke?