Neman shawara: motar da na saya har yanzu tana ɗauke da sirrin tsohon mai ita

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi mota mai lantarki, irin waɗanda ake cewa suna tuƙa kansu, a hannun wani dillali da ya shigo da ita ta Kwatano. Takardun kwastam sun cika, lambar Katsina ma na sa mata. Shekaranjiya yarona yana taɓe-taɓen allon gaba, sai ga adireshin gidan tsohon mai ita a Amurka, da na wurin aikinsa, da sunayen wayoyin da aka taɓa haɗawa da ita. A aljihun gaba kuma muka tsinci filashi cike da bidiyo: ƙofar gidansa, matarsa tana sauke yara, har da ranar da ya yi hatsari da ita, abin da dillalin bai taɓa faɗa mini ba. Na sauke manhajar kamfanin in haɗa ta da wayata, ta ce motar tana kan asusun wani. Shin wannan mutumin yana ganin inda nake? Bidiyon kuma nawa ne tunda na biya kuɗi, ko nasa? Ina yawan bin hanyar Jibiya saboda kasuwa, kun dai san halin da ake ciki.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, kar ka saki sitiyari don an ce tana tuƙa kanta. Waɗanda ke yawo babu direba ɗungurungum, irin na kamfanin Waymo a biranen Finiks da San Faransisko na Amurka, tasi ne na kamfani, ba a sayar wa mutane. Wanda ake sayarwa taimaka wa direba kawai yake, kuma da layin titi yake aiki, mu kuwa namu titunan sai a hankali.

Maganar asusu ita ce babba. Takardun kwastam sun mallaka maka ƙarfen, amma a wajen kamfani mai asusu shi ne mai mota. Idan irin Tesla ce, mai asusun yana iya ganin inda take a taswira, ya buɗe ƙofa, ya danna oda daga wayarsa, muddin motar ta samu intanet. An taɓa yi: a 2023 wani ɗan jaridar tashar CNBC ta Amurka da motarsa ta lalace a hatsari aka yi gwanjonta, bayan watanni sai manhaja ta nuna masa ita a Yukren, ana ma jin waƙa da asusunsa na Spotify. To ka fara da raba ta da intanet ɗin gidanka da na wayarka. Sannan ka nemi kamfanin ya mayar da ita sunanka ta manhajar. Za su nemi shaidar mallaka da katin shaidarka. Goge komai a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta yakan buƙaci kalmar sirrin asusun, shi ya sa wannan zai jira. Adireshi da wayoyin dai kana iya share su ɗaya bayan ɗaya tun yau.

Ɗan Daura: Haba Alhaji, Baturen da inshora ta riga ta biya shi me zai yi da zuwanka Jibiya? Zare filashin ka ci gaba da harkarka.

Maman Khalil: Ɗan Daura, ba Baturen ne abin tsoro ba. Wa ya ce ma asusun nasa ne har yanzu? Motar nan ta bi hannun mai gwanjo, da mai gyara, da dillalai ko nawa. In wani a cikinsu ya mayar da ita asusunsa don ya gwada wa masu saye, to mutumin da ya san sunan Alhaji da kuɗin da ya biya shi ke ganin lokacin fitarsa da dawowarsa. A garin da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan ba abin wasa ba ne. Alhaji, ka tsare dillalin ya faɗa maka asusun waye.

Malam na Unguwar Alƙali: Abin da ka gani na iyalin wani amana ce ta faɗo hannunka. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Ka daina kallo, ka hana yaron, ka goge duka.

Barista: Allah ya gafarta Malam, ban da guda ɗaya. Bidiyon hatsarin shi ne hujjar Alhaji cewa an ɓoye masa aibi a ciniki. Ya kwafe shi ya adana, sauran ya goge. Alhaji, filashin naka ne, amma hoton matar mutum da 'ya'yansa ba ya shiga cikin kuɗin mota. Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta Najeriya, wato NDPC, ta fi kama kamfanoni da ma'aikatu, ta kuma sassauta wa abin da mutum ya ajiye don amfanin gida. Da zarar ka ɗora bidiyon a WhatsApp ko TikTok ka fita daga wannan inuwar. Ranar da za ka sayar da ita kuma, a rubuta a takardar ciniki cewa ka goge bayananka kuma ka cire ta daga asusunka, a yi a gaban shaidu kafin ka miƙa makulli.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na raba ta da intanet, filashin yana cikin akwatina a kulle. Na kira dillalin, da farko ya ce bai san wani asusu ba, da na matsa sai ya ce yaronsu na Kwatano ne ya "saita" ta, kuma takardar mallaka ta Amurka tana can wurinsa. Ya ce zai karɓo ranar Litinin. Injiniya, idan rasidin gwanjo kaɗai ya kawo, in tura shi haka ko in jira takardar asali?